Muryar da Ka Cire Daga Waƙar Ƙarshe

Zuwa ga ɗana, Injiniyan babansa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da ɗan maigidana da har yanzu ban ɗauke shi a hannuna ba sai dai a hoto. Allah Ya tsare ku daga sanyin wurin nan da kake ce mini ba komai ba ne alhali ina jin hancinka a toshe in ka kira. Allah Ya yi wa aikinka albarka, Ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ina fata kana cin abinci a zaune, ba a tsaye ba kamar yadda ka saba.

Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafata da ta kumbura ta sace, tun da na bi maganar likita na rage gishiri. Goggonka ta zo ta yi mana kwanaki, ta gyara mana zaman kowa a gidan, har kujerun falo sai da ta sauya musu wuri, sannan ta koma. An gyara famfon tsakar gida, ya daina ɗiga. Telan da ya karɓi shagon babanku ya yi masa sabon fenti, amma ya bar allon gyaran rediyo a sama, ya ce ba zai sauke shi ba sai mai shi ya zo da kansa ya ba da izini. Babanku kuma jiki da sauƙi. Yana tashi da sanda daga gado zuwa falo, hannun dama ne dai har yanzu bai dawo ba, harshen kuma ka san yadda muka gaya maka.

Za ka yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Na gwada in faɗa maka a waya ranar da ka tambaye ni ko Auta lafiya, sai na ɓuge da tambayarka ko ka sayi rigar sanyi. A takarda kuwa ba mai katse ni, kuma ba layin da zai ɗauke. Ka san da girmana na koyi rubutu, hannuna ba ya sauri, don haka na rarraba ta, kullum in na sallami babanku da safe sai in zauna in ƙara kaɗan. Ka karanta ta a natse kamar yadda na rubuta ta, kada ka yi mata karatun tsaye a bakin ƙofar wurin aiki.

Maganar albam ɗinku ce, da kuma shirun da ƙanwarka ta yi maka. Amma bari in fara da abin da ba ka gani ba. Kai kana can kana danna kibod da kwamfuta, ka haɗa kiɗa ka turo, sai bayan kwana biyu murya ta je maka a gyare, ba ka san ta inda ta fito ba. To daga cikin durowar kayana take fitowa. Auta ta ce duk gidan nan ba inda ba ya amsa kuwwa sai can, don haka ta tura durowar zuwa ɗakin baya, ta bar zannuwana da rigunan babanku a rataye, ta ɗaure makirufo a jikin sandar rataya da igiyar shanya, ta shiga ta ja ƙofa. Ta rufe tagar ɗakin da bargon da ka tafi ka bari. Fanka ma kashewa take yi. In ta fito sai ka ce daga rijiya aka tsamo ta. Na ce mata wata rana sai mun fasa durowar nan mun ciro gawa, ta ce to in tabbatar an tura wa Yaya abin da ta ɗauka kafin a yi mata wanka. Ni kuma an ba ni aikin gadi. In ta shiga, ba daka, ba wanke-wanke, ba jan kujera. Mai kawo mana ruwa ya saba, yanzu in ya iso sai ya leƙo ya yi mini alama da hannu ko an shiga durowa.

Ba zan ɓoye maka ba, da farko hankalina bai kwanta ba. Yarinya ta gama karatu, tana da aikinta a kantin magani, sai ga ta tana waƙa da kiɗan da ba ganga ba goge, sai wani ƙyal-ƙyal kamar ana zuba ƙananan kwalabe a faranti. Goggonka da ta ji, cewa ta yi ita ta ɗauka firji ne ya lalace, ta ce ashe kuɗin makarantar da aka kashe muku na koyon kukan firji ne. Auta ta ce mata ai ita ma a waƙa ta uku ta ga ƙafarta tana motsi a ƙarƙashin zane, Goggo ta ce sauro ne. Ni tsorona daban ne. Ina tsoron bakin mutane, ina tsoron a ce an ga hotonta a inda bai dace ba, ina tsoron ku zuba ranku a abu duniya ta juya muku baya. Sai da Auta ta zaunar da ni ta sa mini abin nan na kunne, ta bi da ni waƙa bayan waƙa, sannan na gane abin da kuke yi. Ashe gidan nan kuka ɗauka kuka zuba a na'ura. Na ji ƙarar sakatar ƙofarmu a farkon waƙar farko, na gane ta tun kafin ta faɗa. Na ji waƙar tasha, inda mai rakiya yake ɗaga hannu ga motar da ba ita ba ce, don ya kasa gane wadda ɗan'uwansa ya shiga. Wannan ni ce, ba sai an gaya mini ba. Na ji wadda take cewa ku kuna kwanciya mu muna tashi, rana ɗaya ce amma ba ma ganinta tare. Na ji ta ɗakinka da ya koma wurin ajiye buhuna. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kiɗan na rawa ne, maganar kuwa ta kuka. Na tambaye ta dalili, ta ce haka Yaya yake, in abu ya dame shi sai ya ƙara sauri. Na ce wannan kam na riga ta sani.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jikin nan ya sami babanku, in ka kira sai mu kara masa waya a kunne, kai ka yi ta magana, shi yana gyaɗa kai, mu mu ce maka ya ji. Ba ya son ka ji yadda harshensa ya koma, in muka matsa masa sai ya ture wayar. Mun gaya maka maganarsa ta yi nauyi, amma ji da kunne daban ne. Kalma in za ta fito sai ta yi ta kokawa a bakinsa, sau da yawa ta koma. To sai Auta ta fara kunna kiɗan da kake turowa a falo tana koyon inda za ta shiga, shi yana zaune a kujerarsa. Ba mu lura ba sai wata rana da la'asar na ji wani sauti yana bin kiɗan daga ƙasa. Na leƙo daga kicin, sai na ga shi ne. Bakinsa a rufe, da maƙogwaro yake bi, kuma ba muryar Auta yake bi ba, wannan kiɗan mai kauri da kake sawa a ƙarƙashi shi yake bi, yana buga sanda a ƙasa daidai. Likitar da ke motsa masa jiki ta ce mu bar shi ya yi ta yi, yana taimakon harshe. Ni dai ba don maganarta na bar shi ba. Mutumin da ya ɗauko maka kibod ɗinka na farko daga cikin tarkacen shago, ya zauna ya gyara shi maɓalli bayan maɓalli, yau ga shi yana bin kiɗan da ka yi. Na koma kicin na tsaya ina kallon tukunya.

Ranar da Auta za ta ɗauki waƙar ƙarshe, wadda kuka yi a kan shagonsa da aka rufe, zafi ya yi yawa, ta kasa jan ƙofar durowa har ƙarshe, ƙofar ɗakin ma a buɗe take kaɗan. Ta sha maimaita waƙar a falo, ya riga ya haddace ta. Da ya ji ta fara daga ciki sai ya kama nasa daga kujera. Ni mai gadi ina gani, ban hana shi ba. Da ta fito ta saurara, sai ta ji shi a bayan muryarta, tun daga tsakiya har ƙarshe. Ta zauna a ƙasa ta saurare ta har ƙarshe. Sannan ta tura maka a haka, ba ta rubuta maka ko kalma ɗaya a kai ba, wai tana so ka ji da kunnenka ka gane, ya zama kyautarta gare ka.

Kai kuma ka san abin da ka mayar. Ka aiko da saƙon murya kana dariya, ka ce waƙar ta yi kyau sai dai akwai wani gurnani a baya, kamar injin jan ruwan maƙwabta ya shaƙe, ka ce ka kashe hutunka gaba ɗaya kana kankare shi, yanzu ta fita tas, kuma don Allah Madam ta riƙa rufe ƙofa. Tun daga ranar ba ta sake ɗaga wayarka ba. Na san ka ɗauka a kan hoton bangon albam ɗin ne ko jerin waƙoƙi, don na ji kana ce wa Goggonka Auta ta cika fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ba injin ruwa ba ne, ɗana. Babanka ne.

Ka tsaya a nan ka sha ruwa in kana so. Ni ma da na rubuta wannan layin sai da na ajiye biro na je na kwashe shanya.

Ni ma ban sani ba da farko. Na dai ga ta kwance makirufo ta sa a kwali, ta cire bargo daga taga, in wayarta ta yi ƙara ta kifa ta. Na yi ta bin ta da tambaya har ta gaji, ranar nan tana guga ta ajiye dutsen ta kunna mini guda biyun, wadda ta tura da wadda ka dawo da ita, sannan ta kunna mini saƙonka. Ta ce ɗan da bai gane muryar ubansa ba me zai rera a kan shagon uban. Ta ce ita ke juya shi a gado, ita ke goge masa baki, wani yana can yana kankare shi da kwamfuta. Ta ce ta fasa albam ɗin, ka nemi wata mai murya mai tsabta. Na bar ta ta zazzage duka. Da ta gama na tambaye ta yaushe rabon da yayanta ya ji muryar nan. Na ce muryar da ka tafi da ita a kunnenka ita ce wadda ke kiran ka daga bakin shago har a ji a ƙarshen layi, wannan ta yanzu ko ni da na shekara talatin da wani abu da shi, da a waya na fara jin ta, ban san me zan ce ba. Na ce ta ɗana maka tarko ne ta kira shi kyauta. Ta ce kullum ina bayan Yaya. Na ce ai shi ma haka yake cewa a kanta, don haka na san ina tsakiya. Ta ɗauki dutsen guga ta ci gaba, ta ƙona mini gefen ɗankwali.

Ban ga laifinka ba, kuma ban ga nata ba, amma akwai wanda ke biyan kuɗin faɗan nan ba da saninku ba. Tun da ta daina kunna kiɗa, falon ya yi tsit. In la'asar ta yi sai babanku ya juya ya kalli ƙofar ɗakin baya, ya buga sanda a ƙasa, ya kalle ni. In ce masa ta gaji ne yau. Gobe ma haka. Na gwada kunna masa rediyo, ya kawar da kai. Likitar ma ta tambaye ni me ya faru ya koma shiru. Wannan shi ne abin da ke hana ni sukuni. Albam ya fito ko kada ya fito, wannan naku ne. Amma ku biyu kaɗai na haifa, ba zan zuba ido ku koma gaisuwa ta bakin mutane ba, shi kuma ya rasa abu ɗaya da ke buɗe masa maƙogwaro.

Sai na yi tunanin abin da ba wanda ya yi a cikinku. Kuna ta rigima a kan muryar mutum, mutumin yana zaune a falo ba a tambaye shi ba. Ka san babanku da kiyaye mutunci, ko bakin ƙofa ba ya fita da riga ba guga. Na ji tsoro ƙwarai kada ya ji kunya, ya ƙara rufe bakin gaba ɗaya. Amma na yi bismilla na zauna kusa da shi na gaya masa muryarsa ta shiga waƙar yara, kuma in ta fita duniya za ta ji, ya yarda ko a cire. Ban gaya masa maganar injin ruwa ba, kuma ba wanda zai gaya masa. Ya kalle ni, sannan ya nuna kunnensa. Na kira Auta, ta zo tana cin magani, ta kunna ta farkon. Ya rufe ido yana saurare. Da aka kusa ƙarshe sai ya ɓata fuska, ya girgiza kai, ya sa aka mayar baya, aka sake zuwa wurin ya sake girgiza kai. Na ce a raina shi ke nan ya ƙi. Sai ya yi ta kokawa da bakinsa har kalma ta fito, ya ce a sake. Auta ta duƙa ta tambaye shi ko a cire ne, ya buga sanda da ƙarfi, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna ɗakin baya. Ashe a wurin nan ya riga kiɗa shiga da kaɗan, shi ne bai gamsu ba, so yake a sake ɗaukarsa ya yi daidai. Auta ta fashe da dariya hawaye na zuba, ta ce yanzu ta gane inda Yaya ya gado wannan ciwon na kankare abu. Ta ce masa ta farkon ta fi, ya harare ta. Har yanzu ba su daidaita ba. Jiya ya sa na goge masa farar rigarsa, wai ta shiga durowa ce, na ce masa durowar ba za ta ɗauke shi da sandarsa ba, sai dai a kawo masa makirufo kujera.

To ka ga yanzu masu taurin kai uku gare ni a albam ɗaya. Ni ban san kiɗa ba, ba zan ce maka ga yadda za a yi da waƙar ba, ko ta farkon za a bari ko za a sake. Abin da nake roƙonka kaɗan ne. Ka nemo wadda ta turo maka tun farko, ina fata ba ka jefar ba, ka saurare ta kai kaɗai kafin ka kira kowa, don kada kukan ya zo maka a gaban mutane. Sannan ka kira ƙanwarka. Kada ka fara da bayanin yadda na'ura take aiki, na san ka. Ka ce mata ba ka gane ba, kuma yanzu ka gane. In ta yi maka tsiwa ka haɗiye, ta daɗe tana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta ba ta yi ƙorafi ba. Bayan nan ka ce a kai wa babanku waya. Kada ka tambaye shi jiki, kada ka tambaye shi komai. Ka ajiye wayar kusa da kibod ɗinka ka danna masa wannan mai kaurin, ka yi shiru. Za ka ji shi. Kuma kada ka ɗora wa kanka abin da ya wuce kima har ka kasa cin abinci, don wannan ma na san halinka.

Ka gaishe mini da surukata, ka ce na gode da man shafawar da ta aiko, ƙafar ta ji daɗinsa. Ka shafa mini kan maigidana, ka gaya masa matarsa tana nan tana jira, kada ya sake ya kula 'yan matan can. Ka gaida abokin aikinka da ya kai ka asibiti kwanakin baya, Allah Ya saka masa. Goggonka tana gaishe ka, ta ce in firjin naku ya fito a kawo mata nata kyauta. Kawunka da iyalinsa suna gaisuwa. Tela ma ya ce in gaishe ka. Babanku na gaya masa ina rubuta maka, ya ɗora hannun hagu a kan takardar ya daɗe bai ɗauke ba.

Ban iya ɗaukar hoton takarda in tura ba, kuma ban nemi kowa a waje ya yi mini ba. Auta na ce wa ta tura maka daga wayarta. Ta ce in ba ta ta karanta tukuna, na ce ba ita na rubuta wa ba. Ta ce to za ta tura, amma ba za ta ƙara ko gaisuwa ba. Na ce na yarda. Don haka in ka ga wannan ta shigo maka da sunanta a sama, ka san wayar tana hannunta, kuma ba ta kifa ta ba tukuna.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya nuna mini ranar da zan gan ku a ɗaki ɗaya.

Ni ce mahaifiyarka,
mai gadin durowa.